Shin aikin hidima a jirgin sama yana cin lafiyar mai yin sa?

Tambayar takan taso duk lokacin da jirgi ya faɗa gargadar iska aka sauko da mutane a kan gadon marasa lafiya. Ta taso da ƙarfi a watan Mayun 2024, bayan wani jirgin Singapore Airlines da ya tashi daga Landan ya yi mummunan tangal-tangal a sama. Fasinja ɗaya ya rasu, gommai suka jikkata, aka karkatar da jirgin zuwa Bankok. Abin ya faru ne ana tsaka da rabon abincin safe, lokacin da ma'aikatan jirgin suke tsaye a tsakanin kujeru.

Amsoshin da ake bayarwa sun rabu gida biyu. Akwai masu ganin wannan aiki hutu ne da albashi: a ci ado, a kwana a manyan otal-otal, yau Dubai gobe Faris. Akwai kuma waɗanda suka ci karo da wani kanun labari a intanet, suka riƙe cewa duk wadda ta daɗe tana wannan aiki sai ta ƙare da ciwon daji. Idan aka baje abin da bincike ya nuna, sai a ga cewa illolin da aka fi tabbatarwa su ne waɗanda ba a cika magana a kansu ba, waɗanda suka fi ban tsoro kuwa har yanzu masana na ja-in-ja a kansu.

Mene ne ainihin aikin?

Mace ta farko da aka ɗauka wannan aiki ita ce Ellen Church, a Amurka a shekarar 1930, kuma ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport cewa ganin 'yar jinya a cikin jirgi zai kwantar da hankalin mutanen da ke tsoron tashi sama. Daga baya kamfanoni suka mayar da aikin abin talla, suka riƙa gindaya sharuɗɗan tsawo da nauyi da shekaru, har da hana aure. Wannan hoton tallan ne ya zauna a zukatan mutane har yau.

A wurin doka kuwa, dalilin ajiye su a jirgi shi ne ceton rai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma kafin a amince da sabon samfurin babban jirgi sai an gwada cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. An ga amfanin wannan horo a filin jirgin Haneda na Tokiyo ranar 2 ga Janairun 2024, inda jirgin Japan Airlines ya kama da wuta bayan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi, aka fitar da mutum 379 da ke cikinsa da ransu.

Abin da ya bambanta ma'aikacin jirgi da fasinja shi ne yawan lokaci. Mai tafiya sau biyu ko uku a shekara zai yi 'yan sa'o'i a sama. Dokar Tarayyar Turai kuwa ta yarda ma'aikaci ya kai sa'a 900 yana shawagi a shekara guda, ban da lokacin shiri da jira da sallamar fasinjoji. Duk abin da za a ambata a ƙasa, kusan babu wanda zai cutar da mutum a tafiya ɗaya. Yau da gobe ce ke sa allura ginin rijiya.

Raunin da ba a musu a kansa: gargada, baya da ƙafafu

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta duba shekarun 2009 zuwa 2018 ta gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na haɗurran manyan jiragen fasinja na ƙasar gargadar iska ce ta jawo su. A cikin waɗanda suka ji mummunan rauni, kusan takwas cikin goma ma'aikatan jirgi ne. Dalilin a fili yake. Idan matuƙi ya kunna alamar ɗaura bel, fasinja ya ɗaura ya zauna. Ita kuwa ma'aikaciyar a lokacin za ta bi layi-layi tana duba kowa, ta tura keken abinci ta kulle, ta rufe akwatuna, sannan ta nemi kujerarta. Karayar idon sawu na cikin raunukan da aka fi samu, sai na kashin baya da na kai.

Mafi muni ita ce gargadar da ke zuwa sama tana garau, babu gajimare, na'urar jirgi ba ta hango ta. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun lissafa a 2023 cewa irin wannan gargada mai tsanani ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a saman arewacin tekun Atilantika tsakanin 1979 da 2020, suka danganta hakan da ɗumamar yanayi. Wasu kamfanoni sun fara sauya tsari: Korean Air ya mayar da kammala hidima zuwa minti 40 kafin sauka a doguwar tafiya, domin ma'aikata su samu su zauna da wuri.

Sai kuma ciwon da ba ya shiga labarai. Keken abinci idan an cika shi yana iya kusantar kilo 100, ana kuma tura shi ne a hanya ƙunci, wani lokaci jirgin yana ɗan kallon sama. A haɗa da sunkuyo ɗaruruwan lokuta zuwa aljihun keken na ƙasa, da miƙa hannu a ƙetare mutum biyu don kai wa na jikin taga kofi, da ɗaga jakar fasinjan da ya cika ta da kaya ya tsaya yana jiran a ɗora masa. Baya da wuya da kafaɗa su ke biya. Tsayuwa ta sa'o'i kuma tana kumbura ƙafafu da jijiyoyinsu, musamman inda har yanzu ake sa mata sanya takalmi mai tsini.

Agogon jiki: inda gizo ke saƙar

A ganina wannan ce uwar matsalolin, kuma ita aka fi rainawa, saboda kowa yana jin ya san gajiya.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke aiki kamar agogo. Hasken da ke shiga ido shi ke saita shi. Da duhu ya yi sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin, zafin jiki ya ɗan sauka, hanji ya rage aiki, barci ya zo. Da asuba wasu sinadaran su tashi su shirya jiki ga farkawa. Hanta da hanji da sauran gaɓoɓi kowanne yana da nasa ƙaramin agogon da ke bin wannan babban.

Idan mutum ya ƙetare ƙasashe masu bambancin lokaci, agogon bango ya sauya nan take, na jiki kuwa ja da ƙafa yake yi. Lissafin da aka saba yi shi ne kusan kwana ɗaya ga kowace sa'a guda ta bambanci. Tafiya gabas ta fi wuya a kan tafiya yamma, domin ya fi wa jiki sauƙi ya tsawaita yini a kan ya gajarta shi. To, a ɗauki ma'aikaciyar da ta ƙetare bambancin sa'a bakwai, ta kwana ɗaya ko biyu, ta juyo. Jikinta bai saba da can ba, ta dawo gida kuma bai koma daidai ba, sai ga wata tafiyar zuwa wani ɓangaren. Fasinja yana fama da wannan rikicewa na mako guda ya warware. Ita a cikinta take rayuwa.

Masu gajeren zango ma ba su tsira ba, nasu salon daban ne: yau a tashi ƙarfe uku na dare don jirgin asuba, jibi a sauka tsakar dare, a yi tashi da sauka huɗu ko biyar a yini. Akwai kuma zaman jiran kira, inda mutum yake gida amma bai san lokacin da waya za ta buga ba, ballantana ya tsara barcinsa. Sababbin shiga aiki su suka fi shan wannan, tunda a kamfanoni da yawa wanda ya fi daɗewa shi ke fara zaɓen jadawali.

Abin da ke biyo baya ya wuce hamma. Akwai rashin barci mai ɗorewa, rikicewar ciki, saurin fushi, mantuwa, da rikicewar al'ada ga mata. Binciken da aka yi kan masu aikin dare gaba ɗaya ya danganta irin wannan rayuwa da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin da ke rikita agogon jiki a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon daji tun 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayin a 2019. A lura da kalmar "mai yiwuwa": hujjar ta yi ƙarfi a gwajin dabbobi, a kan mutane kuwa tana da iyaka.

Ga masu juna biyu akwai bincike guda da ya kamata a sani. Cibiyar nazarin lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka, NIOSH, ta wallafa a 2015 cewa haɗarin ɓari ya ƙaru ga ma'aikatan jirgi da suka yi sa'a 15 ko fiye suna shawagi a lokacin da ya kamata su yi barci a gida, cikin watanni ukun farko na ciki. Aikin ƙarfi mai yawa shi ma ya fito a binciken. Matsalar ita ce waɗannan makonnin farko su ne waɗanda mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, balle ta nemi a mayar da ita aikin ƙasa.

Tartsatsin samaniya: nawa ne, kuma wa ke ƙirgawa?

Daga rana da kuma can cikin sararin samaniya wasu ƙananan burbushi masu ƙarfin gaske suna zubowa duniya dare da rana. Dangin wanda ake amfani da shi wajen ɗaukar hoton ƙirji a asibiti ne, wato mai iya ratsa jiki ya taɓa ƙwayoyin halitta. Abu biyu ke kare mu a ƙasa: kaurin iskar da ke samanmu, da maganaɗisun duniya da ke karkatar da su. Jirgin da ke tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 ya bar yawancin iskar a ƙarƙashinsa, don haka tartsatsin da ke riskarsa ya ninka na ƙasa kusan sau ɗari. Garkuwar maganaɗisu kuma ta fi ƙarfi a tsakiyar duniya, ta fi rauni a ƙuryar arewa da ta kudu. Ke nan mai yawan bin hanyar da ke ratsa can saman arewa, kamar tsakanin Amurka da gabashin Asiya, ya fi kwasa a kan mai zirga-zirga a ƙasashe masu zafi. Bangon jirgi ba ya tare shi.

Ana auna shi da ma'aunin milisibat. Matsakaicin abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da abinci a shekara ya kai kimanin 2.4. Ma'aikacin jirgi yana ƙara kamar 2 zuwa 5 a kan wannan, gwargwadon hanyoyinsa. Majalisar kula da kariya daga tartsatsi ta Amurka ta ba da rahoto a 2009 cewa matsakaicin ma'aikatan jirgi ya ɗan haura 3, kuma hakan ya sa su a gaban duk wani rukunin ma'aikata masu hulɗa da tartsatsi a ƙasar, har da na tashoshin nukiliya.

Wannan magana ta ƙarshe ita ake yawan yaɗawa, a bar sauran. Iyakar da aka shata wa ma'aikata a duniya ita ce matsakaicin milisibat 20 a shekara, kuma ma'aikatan jirgi ba sa kusantar ta. Inda lissafin ke matsewa shi ne wurin mai ciki, domin iyakar abin da ya kamata ya riski ɗan tayi ita ce milisibat 1, wanda 'yan watanni na dogayen tafiye-tafiye za su iya cikawa.

Bambancin da ya fi ba ni mamaki na doka ne. Tun 1996 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni su lissafa abin da kowane ma'aikaci ke samu, su yi la'akari da shi wajen tsara jadawali, su kuma kare masu ciki. A Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta yarda cewa aikin yana da wannan haɗari, har ta samar da manhajar lissafi, amma ta bar abin a matsayin shawara. Ma'aikata biyu na iya bin hanya ɗaya a sama ɗaya, ɗaya tana da rajistar abin da jikinta ya ɗauka, ɗayar ba wanda ya taɓa ƙirga mata.

Batun ciwon daji: ɓangarori biyu

Binciken da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Harvard da ya fito a 2018, wanda ya tambayi ma'aikatan jirgi fiye da 5,300 a Amurka. A cikin mata, sankarar mama ta fi ta sauran jama'a da kusan rabi, nau'in sankarar fata mai tsanani da ake kira melanoma ya haura ninki biyu, sauran nau'o'in sankarar fata kuma sun kai kusan ninki huɗu. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da yawa shi ma ya samu ninki biyu na melanoma ga matuƙa da ma'aikatan jirgi. Don haka yawan ba ƙage ba ne.

Taƙaddamar tana kan sanadi. Binciken Harvard ya dogara ne ga abin da mutane suka faɗa da bakinsu, kuma mai ciwo ya fi zumuɗin amsa irin waɗannan tambayoyi a kan mai lafiya. NIOSH ta bi tsofaffin ma'aikatan kamfanin Pan Am ta samu sankarar mama ta fi ta jama'a da kashi 37 cikin 100, amma da ta duba ko waɗanda suka fi shawagi sun fi kamuwa, sai ba ta ga hakan a fili ba. Abin da ya fi bayyana bambancin shi ne haihuwa: matan sun fi jinkirta haihuwar fari, sun kuma fi ƙarancin 'ya'ya, kuma an daɗe da sanin waɗannan biyun suna ƙara haɗarin sankarar mama. Ta ɓangaren fata kuma, yawancin waɗanda aka bincika fararen fata ne, masu samun damar shan rana a bakin teku a kwanakin hutun tafiya, alhali melanoma ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙen fata.

Kamfanoni suna son wannan bayani, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai a ganina bai wanke aikin tas ba. Idan jadawali da sharuɗɗan aiki su ne suka sa mace ta jinkirta haihuwa, to aikin ya shigo ta bayan gida.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗa lissafi ta ɗaya gefen. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna ma'aikatan jirgi ba su kai sauran jama'a yawan mutuwa ba, musamman ta ciwon zuciya. Wannan ba ya nufin shawagi magani ne. Ba a ɗaukar mara lafiya aikin tun farko, ana duba lafiyarsu a kai a kai, wanda jikinsa ya gaza kuma yakan bari ya fita daga ƙidaya.

Iskar da ake shaƙa

Ana matse iskar cikin jirgi ta zama kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Oksijin da ke cikin jini yana ɗan raguwa. Wanda ke zaune ba zai ji komai ba, mai tura keke na sa'o'i kuwa zai ji. Danshin iskar yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa idanu da hanci da maƙogwaro da fata suke bushewa. Sauyin matsin iska a tashi da sauka yana takura kunne, kuma mai mura da ta daure ta tashi na iya samun rauni a dodon kunne. Ƙarar inji, musamman a bayan jirgi, tana kusantar desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, adadin da ake ɗauka a matsayin iyaka ga aikin sa'a takwas.

Game da ƙwayoyin cuta, matatar iskar manyan jirage tana da kyau sosai, kuma ana sabunta iskar sau 20 zuwa 30 a sa'a. Inda haɗarin yake shi ne kusanci: karɓar kofi da tsumman hanci daga hannun ɗaruruwan mutane, da jinyar wanda ya yi amai. A 2019 wata ma'aikaciyar kamfanin El Al ta rasu bayan ta kamu da ƙyanda, annobar korona kuma ta nuna sauran.

Babbar rigimar tana kan abin da ake kira tashin hayaƙi. A kusan duk manyan jirage, ana zuƙo iskar da ake shaƙa ne daga cikin inji kafin ta isa inda mai ke ƙonewa. Idan wani marfi ya yi yoyo, man inji mai zafi na iya bin iskar ya shigo. Ma'aikata suna kwatanta warin da na safa mai datti. Man yana ɗauke da sinadarai masu iya taɓa jijiyoyi, kuma an sha samun ma'aikata da jiri da ciwon kai da amai da rikicewar tunani bayan irin wannan, wasu har sun kasa komawa aiki. Babu mai musun cewa hakan yana faruwa. Abin da ake musu a kai shi ne yawansa, da kuma ko ɗan abin da ake shaƙa cikin shekaru yana jawo ciwo mai ɗorewa. Ƙungiyoyin ƙwadago da wasu likitoci sun ce yana jawowa. Masu ƙera jirage da hukumomi sun ce gwaje-gwajensu sun nuna adadin bai kai na cutarwa ba. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne yawancin jirage ba su da na'urar auna wannan gurɓata, hancin ma'aikaci shi ne na'urar. Boeing 787, wanda ya fara aiki a 2011, yana ɗebo iskarsa kai tsaye daga waje da injin lantarki.

Ma'aikatan suna da dalilin ƙin yarda da "ku kwantar da hankalinku". Shekaru da dama sun yi aiki a cikin hayaƙin taba suna kokawa, ana ce musu babu hujja. Amurka ba ta fara hana shan taba a gajerun tafiye-tafiye ba sai 1988, ta faɗaɗa a 1990, ta rufe gaba ɗaya a 2000. Norma Broin, ma'aikaciyar jirgi da ba ta taɓa shan taba ba amma ta kamu da sankarar huhu, ta jagoranci ƙarar da aka shigar da kamfanonin taba a 1991. An sasanta a 1997 a kan dala miliyan 300, aka kafa cibiyar bincike da kuɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko tufafin aiki bai tsira daga ƙorafi ba. Bayan sauya yunifom a Alaska Airlines a 2011 da American Airlines a 2016, ma'aikata da yawa sun kai kukan ƙuraje da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, har maganar ta kai kotu.

Yaƙe a matsayin aiki

Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan kamfanin Delta, ta fito a 1983 da bayanin cewa danne abin da ke zuciya da nuna fara'a shi ma aiki ne mai gajiyarwa kamar ɗaukar kaya. Mai shago na iya juya wa mai zagi baya. A cikin jirgi babu inda za a je, sai an sauka. A 2021 FAA ta karɓi rahoto kusan 6,000 na fasinjoji masu tayar da hankali, yawancinsu a kan takunkumin fuska. A wani jin ra'ayi da babbar ƙungiyar ma'aikatan jirgi ta Amurka ta yi a 2018, kashi 68 cikin 100 sun ce an taɓa yi musu cin zarafi na lalata a bakin aiki. A ɗora wannan a kan rashin barci da kaɗaicin ɗakin otal da rasa bukukuwan iyali, ba abin mamaki ba ne binciken Harvard ya samu damuwa da matsalar barci sun fi yawa a cikinsu. Wasu kuma sukan faɗa wa ƙwayar barci ko barasa don su runtsa, da kofi mai yawa don su farka.

Wa ke da maganin, kuma me ya shafi sauran jama'a?

Shawarwarin da ake ba ma'aikaci suna da amfani: shan ruwa, safa mai matse ƙafa, duhunta ɗaki, ƙin tashi da mura, rigakafi, gwajin mama da na fata, da sanar da ciki da wuri. Amma manyan abubuwan ba a hannunsa suke ba. Ba shi ke tsara yawan daren da zai yi a sama ba, ko tsawon hutunsa, ko lokacin da za a ajiye keke. Sai a 2022 Amurka ta wajabta hutun sa'a 10 tsakanin aiki da aiki, a da 9 ne kuma ana iya rage shi zuwa 8. Cikin sa'o'in nan ne za a fita filin jirgi, a je masauki, a ci abinci, a yi wanka, a dawo. Kamfanoni suna cewa ƙarin hutu na nufin ƙarin ma'aikata da tsadar tikiti, kuma haka ne. Sai dai wadda ake tauye wa barcin ita ce za ta buɗe ƙofar gaggawa cikin hayaƙi idan ta ɓaci.

Fasinja ma yana da nasa kason. Wanda ya zauna ya ɗaura bel da zarar an kunna alama ya rage wa ma'aikaciya daƙiƙun da za ta yi a tsaye. Jakar da mutum ba zai iya ɗagawa da kansa ba, wurinta cikin kayan awo.

Mai sha'awar shiga aikin kuma, tambayoyin da suka fi albashi nauyi su ne: kwana nawa ake hutawa bayan doguwar tafiya, ana lissafa tartsatsi ko ba a yi, me ake yi wa mai ciki, wa ke biyan jinya idan baya ya ƙi, kuma akwai ƙungiyar ƙwadago?

Tafiye-tafiyen dai ƙara tsawo suke yi. Jirgin Singafo zuwa New York yana haura sa'a 18 ba tsayawa, kamfanin Qantas kuma yana shirin haɗa Sidni da Landan kai tsaye. A gwajin da ya yi a 2019, jirgi ya tashi daga New York zuwa Sidni cikin sa'a 19 da 'yan mintuna, masu bincike suna auna melatonin ɗin matuƙa da motsin ƙwaƙwalwarsu, suna kuma bin barcin ma'aikata. Tafiya uku aka yi na gwajin. Waɗanda za a ba wannan hanya za su riƙa bin ta ne wata bayan wata.